Ƙafafu Uku na Tagulla

Shekara talatin da huɗu Mai Rediyo ya yi yana gyara, kuma in ka zauna da shi minti goma sai ka ji wannan lissafin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Shagon ya daɗe da rufewa, don yanzu wa yake kai rediyo gyara? Amma sunan ya biyo shi gida, teburin ma ya biyo shi. Yana nan a lungun falo kusa da taga, da ƙarfen narka dalma, da tsohuwar mita mai allura, da gwangwani cike da sukudireba manya da ƙanana. Mutumin yana da doka guda da ba ya wasa da ita: duk mai gyaran da ya rufe inji ya bar noti a kan tebur, bai gama aiki ba, ɓarna ya yi. Abin da ya fito daga leda ko daga cikin inji, dole ya samu mazauni. Matarsa takan ce da zai ɗaure bakinsa yadda yake ɗaure noti, da gidan ya huta.

A cikin 'ya'yansa, Auta ce ta ɗauki maganarsa da gaske. Tun tana rarrafe take bin ƙafar teburin nan, kuma har ta girma ta zama mai zanen gine-gine a wani ofis, ba ta daina ganin babu abin da ya gagari hannun ubanta ba. Fanka ta tsaya, Baba. Dutsen guga ya ƙi zafi, Baba. A gaban abokan aikinta ma ba ta jin nauyin cewa mahaifinta bai taɓa ƙona kayan kowa ba, bai kuma taɓa yi wa mai kaya ƙarya ba. Shi kuwa in ta faɗi haka a gabansa sai ya yi kamar bai ji ba, alhali kansa har wani ƙara girma yake.

To, Auta ta daɗe tana son kwamfutar tebur tata ta kanta, wadda za ta ɗauki nauyin zanenta, don ta riƙa karɓar aiki a gida. Ba haɗaɗɗiya ta saya ba. Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kawo kayan daga shagon wani mutum mai tabarau da ke layin masu sayar da kwamfuta: yau akwatin, wani watan fanka, wani watan abin ba da wuta. Na ƙarshe da ya shigo gidan shi ne modabod, wato faifan nan mai faɗi da ake dasa duk sauran kayan a kansa. Ranar Asabar da safe ta ajiye kwalinsa a kan teburin ubanta, ta ce an kira ta wurin wani gini, amma kafin la'asar za ta dawo su haɗa tare, ita tana karanta ɗan littafin da ya zo a kwalin, shi yana ɗaurewa.

Ya ce to. Amma wannan "ita tana karantawa" ta tsaya masa a wuya. Shi ne za a karanta wa littafi? Shi da ya buɗe cikin rediyo tun uwarta ba ta san za ta aure shi ba? Tana fita ya goge tebur, ya sa tabaraunsa, ya ture littafin gefe. Matarsa ta leƙo ta ce ba cewa aka yi ya jira ba? Ya ce mata ta je ta ji da tukunyarta.

A gaskiya, a yi wa mutum adalci, aikin ya yi kyau. Ya kwantar da akwatin, ya buɗe gefensa. Ya taɓa ƙarfen taga don ya sauke wutar jikinsa kafin ya ɗauki bod ɗin ta gefe-gefe, ba tare da yatsa ya taɓa cikinsa ba. Ya dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a gurbinta a hankali, ya ɗiga mata man nan mai toka-toka, ya ɗora fanka. Ya danna ram, siririn katin nan na ajiyar bayanai, har sai da ya ji ƙas. Sai ya zazzage wata 'yar leda da ta zo tare da akwatin, 'yan ƙafafu na tagulla suka gangaro, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙasan akwati don bod ya zauna a kansu kada ya taɓa ƙarfe. Ya ƙirga su, tara. Ya duba ƙasan akwatin, ramuka tara. Magana ta ƙare. Ya ɗaure su duka, tamau.

Da ya ɗora bod ɗin, sai ya ga ramukansa shida ne kawai. Ƙafa biyu sun faɗa can waje, bod ɗin bai kai kansu ba, sai ya ɗaura musu notinsu haka nan don kada su zauna tsirara. Ɗaya kuwa ta ɓace a ƙarƙashi, babu rami a samanta. Noti guda ya rage a kan tebur yana kallonsa. A nan ne fa ya kamata mai shekara talatin da huɗu ya tsaya ya tambayi kansa. Ina! Ya juya akwatin, ya samo wani rami a baya da ba ruwansa da komai, ya ɗaure notin a ciki. Ya jona babbar wayar wuta da ƙaramar, ya bi siraran wayoyin makunni ɗaya bayan ɗaya, ya tattare su ya ɗaure da kyau. Tebur ya yi fes, ko ƙwayar noti babu.

Auta ta dawo da ƙurar siminti a takalminta, ta tarar da kwamfuta a tsaye an jona mata sikirin. Ta ɗan yi turus, amma murna ta rinjaye ta. Ya ce ai bai kunna ba, ya bar mata ta danna da hannunta. Uwar ma ta fito tana goge hannu a zane. Auta ta yi bismilla ta danna.

Fanka ta juya sau ɗaya. Aka ji ɗas, kamar an karya tsinken ashana, sai wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan baya. Ya fizge waya daga bango, amma ya riga ya ji warin. Wannan wari ya san shi fiye da warin jikinsa, kuma ya san abin da ya yi irinsa ba ya tashi.

Auta tana tsugune, yatsanta bai ma gama barin makunnin ba. Ta ɗago ta dube shi, ba da zargi ba, irin kallon da take yi masa tun tana ƙarama in abu ya lalace, tana jiran ya faɗa mata dalili. Sai ya ji bakinsa yana cewa bod ɗin ne, tun daga kamfani ya zo da cuta, masu shagon nan ba su da tsoron Allah, kayan da aka mayar suke sake naɗewa su sayar. A lokacin ma ya yarda da abin da yake faɗa.

Washegari da hantsi ya ce bari ya cire bod ɗin a mayar wa mai shi. Auta tana tsakar gida tana wanki. Ya kwance noti shida, ya ɗaga, ya juya bayansa. Ga tabo nan baƙi, zagayayye, bai fi ƙwayar wake ba, a wurin da babu rami ko kusa. Ya leƙa cikin akwatin. Ƙafar nan ta tara tana tsaye daidai wurin, kanta ya yi baƙi ƙirin. Ita ce ta tokare cikin bod ɗin ta haɗe hanyoyin wuta. Ya jawo littafin da ya ture jiya, ya buɗe. A shafi na biyu, ba ma sai an iya karatu ba, ga zane: ƙafa shida da da'ira, sauran ramukan an soke su.

Ya zauna yana jin ƙarar ruwan wankin Auta, gumi yana bin bayansa. Taku goma ne tsakaninsa da ita. Da ya tashi ya ce, Auta, zo ki ga abin da ubanki ya yi, da an yi baƙin ciki na kwana biyu an wuce wurin. Amma ya tuna yadda take faɗin sunansa a gaban mutane, sai ya fasa tashi. Abin da ya yi, ya ɗauki filaya ya kwance ƙafafun nan uku da notinsu, ya zuba a aljihun rigarsa. Yana yi yana waige kamar ɓarawo, a cikin falonsa, a kan teburinsa.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma ranar Litinin Mai Rediyo ya naɗe tasa da kyau. Shagon ɗan ƙarami ne, kanta ta gilashi, kwalaye har rufi, mutum uku suna jira. Mai shagon, wani siririn mutum da ba zai wuce arba'in ba, ya gaishe shi da ladabi ya ce Baba sannu da zuwa. Bai amsa ba. Ya dire kwalin a kan kanta ya fara. Ya ce an ga yarinya mace an cuce ta. Ya ce shi ba baƙon wuta ba ne, shekara talatin da huɗu. Ya ce irinsu ne suka ɓata sana'a. Muryarsa har waje, masu wucewa suna leƙowa. Duk lokacin da ya ji kunya ta taso masa, sai ya ƙara ɗaga murya don ya danne ta.

Mai shagon ya zaro bod ɗin, ya juya bayansa, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya ɗago ya dubi tsohon, ya dubi Auta da ke tsaye a bayan ubanta, ya sake duban tsohon. Kallon bai fi na ƙiftawar ido ba, amma Mai Rediyo ya sha jinin jikinsa. Mai gyara ba ya ɓuya wa mai gyara.

"Ba komai, Baba," in ji mai shagon. "Gobe ku zo da akwatin gaba ɗaya. Zan ba ta wani, amma a nan za a ɗaura."

A hanyar gida Auta sai yabon ubanta take. Ta ce da ita kaɗai ta zo da ya raina mata hankali. Ta ce ai ga shi nan ya amsa laifinsa, tunda mai gaskiya ba ya saurin biya haka. Ta ce za ta gaya wa duk 'yan ofishinsu, don ita ce ta kai masa su, kuma daga yau sun bar shi. Kowace kalma tata sai ta sauka a kansa kamar ana ɗora masa bulo. Ƙafafun tagullar suna aljihunsa, ya kasa zubar da su, ya kasa ajiye su, in ya taka sai ya ji suna ƙara. Da suka isa gida ya ƙi cin abinci, ya ce cikinsa ne. Matarsa ta dube shi ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin ya ci nasarar faɗa ya dawo shiru ba. Ya ce ta ƙyale shi.

Ranar Talata suka koma, shi ne ya rungumo akwatin, ya hana Auta ta taya shi. Shagon ya fi jiya cika, har da biyu daga cikin waɗanda suka ga abin da aka yi. Sabon bod yana kan kanta a kwalinsa, ko ledar ba a yage ba. Mai shagon ya kwantar da akwatin ya buɗe. Ƙafa shida, kowace a inda ya dace. Amma fentin akwatin baƙi ne, kuma hannun Mai Rediyo ba ya ɗaure abu da wasa. A bakin ramuka uku da babu komai, ga zobe nan fari tas inda tagulla ta ci fenti. Mai shagon ya sa ɗan yatsa ya shafa na tsakiyan, ya dubi yatsan, ya goge a wandonsa. Ya jawo sabon kwalin zai buɗe.

Da Auta ta yi shiru, da ƙila an rabu a haka, tsohon ya tafi da kayansa a ciki har kabari. Amma shafa ramin nan ya ba ta haushi. Ta ce me yake nema, laifin da zai liƙa wa wani? Yarinyar da ba ta iya ɗaga wa kowa murya ba, yau ta tsaya a tsakiyar shago tana cewa ya ji kunya. Ta ce mahaifinta ya girme shi a sana'a da shekaru, bai taɓa ƙona kayan kowa ba, bai taɓa yin ƙarya a kan aiki ba. Ta ce mutum ya sayar da ruɓaɓɓen kaya, maimakon ya ba da haƙuri, ya tsaya yana lalube. Har da cewa macuci. Mai shagon ya sunkuyar da kai yana yage leda, kunnuwansa kawai za ka kalla ka san maganar tana shigarsa.

Mai Rediyo ya ji kalmomin nan, ya gane su sarai, nasa ne na jiya, an dai sa su a bakin 'yarsa. Wannan ne ya kasa haɗiyewa.

"Auta, ya isa."

"Baba, bar ni in faɗa masa."

Ya sa hannu a aljihu. Ya zube ƙafafun nan uku a kan gilashin, suka yi ƙara, ɗaya ta gangara ta tsaya a jikin kwalin, mai baƙin kan.

"Tara na ɗaura," in ji shi. "Shida ake so, na ɗaura tara. Wannan ce ta ƙone shi. Na gani tun shekaranjiya, na cire na ɓoye. Kayanka lafiyayye ne, ɗana. Zagin da na yi maka jiya, na san gaskiya na yi shi."

Wani daga cikin masu jira ya kama duba wayarsa, wani ya juya yana karanta jikin kwali. Mai Rediyo ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mai shagon ya ce a hankali, ai ba komai Baba, kowa yana yi, shi ma ya taɓa ƙona biyu a farkon koyonsa. Tsohon ya tambaye shi, tunda ya gane tun jiya, me ya hana shi faɗa? Mutumin ya ce ya ga yadda 'yarsa take tsaye a bayansa ne.

Tsohon bai iya juyawa ya dubi Auta ba, takalminta kawai yake gani. Takalmin ya matsa gaba zuwa kanta. Ya ji ta tana cewa malam ya yafe mata, ita ce ta yi masa rashin kunya a gaban mutane, kuma ba za ta karɓi bod ɗin a matsayin canji ba, za ta saya kamar yadda kowa yake saya. Ta juya wajen masu jira ta ce su ma su shaida, abin da ta faɗa ba gaskiya ba ne. Ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Mai shagon ya ɗaura bod ɗin a gabansu, noti shida, ya jona wayoyi, ya danna. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa, rubutu ya fito a sikirin. Babu wanda ya yi murna. Ya tattara ƙafafun uku a tafin hannu ya tambaya ko a zubar. Mai Rediyo ya miƙa hannu ya karɓa.

Suka fito, akwatin a ƙirjinsa, tana gaba yana baya. Sun wuce layin masu kwamfuta, sun wuce wurin masu walda, ba ta waiwayo ba. Sai da suka zo bakin titi suna jiran motoci su wuce ya ce mata zai san yadda ya yi ya mayar mata da abin da ya ɓata.

"Ba bod ɗin ba ne, Baba," ta ce, idonta a kan titi. "Da ka ce mini kai ne, wallahi dariya zan yi maka. Amma ka tsaya kana ji na zagi mutum da bakina, saboda na yarda da kai."

Hanya ta buɗe, ta miƙo hannu ta kama gefe ɗaya na akwatin don kada ya yi tuntuɓe, suka tsallaka tare. Suna kaiwa ɗaya gefen ta saki.

Kwamfutar tana ɗakin Auta yanzu, tana aiki lafiya, yana jin ƙarar fankarta ta bango. Tana gaishe shi da safe, tana kawo masa ruwa, babu abin da ta rage. Sai dai rannan wata abokiyar aikinta ta zo gidan, ta ga teburin ta ce au, wannan ne Baban da ake ba mu labari? Ya kasa kunne daga inda yake zaune. Auta ta ce e, shi ne, ta ja ta suka shige ɗaki.

Ƙafafun tagullar suna nan a tsakiyar teburin da shekara talatin da huɗu bai taɓa kwana da noti ba. Matarsa ta zo shara ta kai hannu za ta kwashe su ta zuba a gwangwani, ya ce ta bar su a nan.